Darasi na Tara: Idan Kwamfutar da Aka Haɗa a Gida Ta Ɗauki Zafi

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya bayyana hanyar da zafi ke bi daga cikin furosesa har ya fita daga akwatin kwamfuta. Ana so kuma ya iya gane kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura masanyayi, ya san wanda zai fara dubawa, ya gyara da hannunsa ba tare da ya ɓata kaya ba.

Ranar farko a shago

A ɗauka wani matashi ne a Rurum Tsohon Gari, cikin ƙaramar hukumar Rano. Ya sayar da buhunan shinkafarsa, ya hau mota zuwa birnin Kano, ya nufi titin Beirut inda ake hada-hadar wayoyi da kayan kwamfuta. Can ya sayi babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, da furosesa da masanyayi da sauran tarkace, wasu sababbi fil a kwali, wasu na hannu. Niyyarsa ya buɗe shagon buga takardu da wanke hoto, ya kuma riƙa koya wa 'yan sakandare danna kwamfuta, tun da daga shekarar 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta.

Ya dawo gida ya shimfiɗa kwali a kan tebur, ya haɗa komai kamar yadda ya koya wurin maigidansa. Ya tayar da janareta, ya danna makunni. Fanka ta juya, allon kallo ya kawo haske, ransa ya yi fari. Yana tsakiyar ɗora Windows, sai fankar ta fara ihu kamar injin markaɗe, can kuma komai ya ɗauke ɗif. Ya sake kunnawa, wannan karon ko minti biyu ba ta yi ba.

Abin da ya fara zuwa ransa shi ne janareta. Daga nan zargi ya koma kan mai shagon da ya sayar masa da kaya. Har ya fara lissafin kuɗin motar komawa Kano da yinin da zai yi asara. Alhali kuwa babu abin da ya lalace a cikin kayan nan. Zafi ne ya rasa hanyar fita, furosesa ya kashe kansa don kada ya ƙone.

Daga ina zafin yake, ina kuma zai bi?

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta. A ido faɗinsa bai wuce na akwatin ashana ba, ainihin ɗan tsakin da ke aiki a ƙarƙashin murfinsa kuwa kamar farcen babban yatsa yake. Duk wutar da ya ci, zafi take komawa. Furosesan da aka fi sa wa kwamfutar ofis da ta shago an ƙiyasta zafinsa a kan wat 65. Wanda ya taɓa kai hannu kan tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 bayan ya daɗe a kunne ya san abin da wannan ke nufi. To, a tattara wannan zafi duka a wuri mai faɗin farce.

Masanyayi, wanda a kasuwa ake ce wa kula ko fankar furosesa, abu biyu ne a haɗe: dunƙulen ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a kansa. Duk mai babur ya san irin wannan haƙarƙari a jikin injinsa. Aikinsa shi ne ya baza zafi a fili mai faɗi don iska ta kwashe. Babur yana samun iskarsa a guje, kwamfuta kuwa a zaune take, shi ya sa aka ɗaura mata fanka. Manyan masanyaya suna da bututan jan ƙarfe da ɗan ruwa kaɗan a rufe a ciki. Ruwan yana zama tururi a gindi, ya hau sama ya huce, ya sake gangarowa.

Zafi yana bin zango biyar. Daga tsakin ciki zuwa murfin furosesa, daga murfi zuwa man furosesa da aka shafa a kansa, daga mai zuwa gindin masanyayi da haƙarƙarinsa, daga haƙarƙari zuwa iska, daga nan iska ta fita bayan akwati. Manomin rani da ke shan ruwan madatsar Tiga ya san cewa komai cikar dam, idan kwata ta toshe a wuri ɗaya, fangalin ƙarshe ba zai ga ruwa ba. Aikin mai gyara a nan shi ne ya bi zangon nan ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda aka toshe.

A da, kuskure irin wannan asara ce kai tsaye. A shekarar 2001 wasu masu gwajin kayan kwamfuta sun cire masanyayi daga kan furosesoshi suna cikin aiki: Athlon na kamfanin AMD ya yi hayaƙi nan take, Pentium 4 na Intel kuwa ya rage gudu ya tsira. Yanzu kamfanonin biyu duk suna sa ma'aunin zafi a ciki. Yawancin na Intel suna fara ja da baya a wajen digiri 100, na AMD Ryzen da yawa a digiri 95. Idan rage gudu bai wadatar ba, sai su yanke wuta.

Lissafin ɗaki mai rufin kwano

Masanyayi ba firji ba ne. Ba ya ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai yake ja ya watsa wa ƙarfe. Don haka zafin furosesa kullum a kan zafin ɗaki yake hawa.

Ga misali na lissafi. A ce masanyayi yana riƙe furosesa da digiri 45 sama da iskar ɗaki lokacin aiki mai nauyi. A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, inda ma'auni ke nuna 22, furosesa zai tsaya a 67. A shago mai rufin kwano a Rurum ko Kibiya, da azahar ɗin watan Afrilu, inda ɗaki ke iya kaiwa 40, furosesan nan zai kai 85. Har yanzu yana aiki lafiya. Amma a ce an yi ɗan sakaci wajen ɗauri, wanda ya ƙara digiri 20. Mai ofis yana kan 87, bai ma san an yi kuskure ba. Mai shago ya haura 100, kwamfutarsa ta tsaya.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mai haɗa kwamfuta a ƙasarmu yake bukatar tsanaki fiye da takwaransa na Ingila ko Jamus. Shi ne kuma dalilin da ya sa kwamfutar da aka haɗa cikin sanyin Disamba take iya yin wata uku lafiya, bazara na kamawa ta fara mutuwa.

Lokacin mutuwa shi ne shaidar farko

Kafin a ɗauki sukurudireba, a ɗauki agogo. Tsawon lokacin da kwamfuta ke yi kafin ta ɗauke yana nuna inda za a dosa.

Idan cikin 'yan daƙiƙoƙi ko minti ɗaya zuwa biyu take mutuwa, galibi masanyayi bai zauna a kan furosesa ba sam, ko akwai wani abu a tsakaninsu. Idan tana kaiwa minti goma ko ashirin, a zargi fanka, ko man da ya bushe, ko ɗaurin da ya karkace. Idan kuwa sai da rana tsaka ko lokacin aiki mai nauyi take yi, matsalar ta fi karkata ga ƙura da ƙarancin iska, ko masanyayin ya yi wa furosesan kaɗan.

Sai a nemi lamba. Da zarar an kunna kwamfuta, a riƙa danna maɓallin Del ko F2 don shiga shafin BIOS. Akwai wurin da ke nuna zafin furosesa da yawan juyin fanka a minti. A nan kwamfuta ba wani aikin kirki take yi ba, don haka ya kamata lambar ta hau kaɗan ta tsaya. Idan ana kallo tana tafiya 60, 70, 80 ba ta da niyyar tsayawa, a kashe nan take. Idan Windows yana tashi, manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp suna nuna wannan lamba.

Akwai kuma gwajin hannu. Bayan an kashe an zare filogi, a taɓa haƙarƙarin ƙarfen da bayan yatsa. Idan BIOS ya nuna 90 amma ƙarfe da sanyinsa, zafi bai iso gare shi ba, matsalar tana ƙasa, tsakanin murfi da gindi. Idan ƙarfen ya yi zafi rau, to ya karɓi zafin, iska ce ba ta kwashe ba.

Leda da mai

Sabon masanyayi yakan zo da gindinsa a rufe da siririyar leda mai gam, ko murfin roba mai haske, don kada ya karce a hanya. Ledar tana da sauƙin kuɓuce wa ido, musamman a shagon da ba haske sosai. Ƙwararru ma sukan manta da ita. Ba ta fi kaurin takarda ba, amma ta isa ta tare zafi. Ita ce abu na farko da za a duba duk lokacin da aka ɗaga masanyayi.

Na biyu shi ne man furosesa, wani abu mai kauri, fari ko ruwan toka, da ake sayarwa a sirinji ko ɗan ƙunshi. Murfin furosesa da gindin masanyayi sumul suke a ido, amma cike suke da ƙananan ramuka, kuma iska ce ke maƙalewa a ciki. A ma'aunin da masana ke auna saurin wucewar zafi, jan ƙarfe yana da kusan 400, alminiyom sama da 200, iska kuwa 0.026 kacal. Man kasuwa galibi bai kai 10 ba. Ke nan ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar ƙarfe ba. Aikinsa ya kori iska daga ramukan nan, ba ya zama katifa tsakanin ƙarfe biyu ba.

Saboda haka ɗigo ɗaya ake sawa a tsakiyar murfi, kamar girman ƙwayar waken suya. Nauyin ɗauri ne zai baje shi. Dogayen furosesoshin Intel na baya-bayan nan sun fi son ɗan siririn layi a tsaye. Idan masanyayi ya zo da nasa man a shafe daga kamfani, ba a ƙara wani a kai.

Idan an ɗaga masanyayi, kafin a goge komai, a tsaya a karanta tambarin da man ya bari. Wannan shi ne shaida mafi gaskiya a duk aikin. Idan ya baje siriri ya rufe kusan duk murfin, ɗauri ya yi daidai. Idan gefe ɗaya ya yi siriri, ɗayan ya taru da kauri, ƙafa ɗaya ba ta kama ba. Idan ɗigon yana nan a dunƙule yadda aka ɗiga shi, ƙarfen bai taɓa sauka a kai ba. Idan kuwa ya bushe yana farfashewa kamar laka a bakin rafi da rani, wa'adinsa ya cika, abin da aka saba gani a kayan hannu ke nan.

Duk lokacin da aka ɗaga, sai an goge tsohon mai an sa sabo. Ana gogewa da tsumma mai tsabta marar gashi da sifirit mai ƙarfi, wanda ake kira aisofurofil, a bari ya bushe. Fetur da kalanzir suna barin maiƙo, suna kuma cin roba. Man goge baki, girisin babur da man shafawa ba sa maye gurbin man furosesa: na farko yana bushewa cikin 'yan kwanaki, sauran suna narkewa su gangara cikin allo.

Turaku huɗu na Intel

Masanyayin da Intel ke sakawa cikin kwali yana tsayawa ne a kan turaku huɗu na roba, kuma a nan sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Kowane turke yana da farin baki mai tsage biyu da baƙin kai. Farin bakin ne ke fara shiga ramin allo. Idan aka danna baƙin kan, sai sandarsa ta shige tsakanin tsagen ta buɗa su a bayan allo, a ji ƙas.

A saman kowane baƙin kai akwai kibiya. Mutane da yawa suna ɗauka hanyar kullewa take nunawa, sai su danna su murɗa. Kibiyar nan hanyar cirewa ce. Wanda ya murɗa ya bi ta, ya kwance abin da ya ɗaura. Kafin a ɗora masanyayi, a murɗa dukkan kawunan su saɓa wa kibiya, a ja su sama, a tabbata fararen bakunan a tsuke suke, sannan a saita su da ramuka huɗu.

Ana danna biyu masu kallon juna ta kusurwa a lokaci ɗaya, sannan sauran biyun. Wanda ya bi su a jere zai ga ya kama nan, can ya ɗage. Bayan an gama, a leƙa bayan allo: kowane farin baki ya fito duka, baƙar sanda na tsakiyarsa. Shi ya sa ya fi sauƙi a ɗaura masanyayi tun allo yana kan kwali, kafin a sa shi cikin akwati. Idan tsage ɗaya ya lanƙwashe a saman allo, a ciro a miƙe shi da farce. Idan ya karye, sai an sake turken ko masanyayin, domin ƙafa uku ba ta riƙe shi daidai.

Gwajin ƙarshe: a kama ƙarfen a ɗan girgiza. In ya zauna, allo ne zai motsa tare da shi.

Notuna da farantin baya

Allunan AMD masu soket AM4, waɗanda furosesoshin Ryzen suka fara hawa a 2017, suna zuwa da farantin ƙarfe a baya da robobi biyu masu ƙugiya a gaba. Masanyayin Wraith Prism yana maƙalewa a ƙugiyoyin, a ja hannu a kulle. Wraith Stealth kuwa sai an cire robobin, a ɗaura notunansa huɗu kai tsaye cikin farantin. Da an cire robobin, farantin ba shi da abin riƙewa, yakan zame ya faɗa bayan akwati, mutum ya yi ta murza noti a banza. A tallafe shi da hannu, ko a yi aikin allo na kwance a kan kwali. Kada a jefar da shi. A soket AM5, wanda ya fito a 2022, farantin a manne yake da soket, ba a cire shi.

Ɗaurin noti kamar ɗaurin tayar mota ne. A fara kama duka huɗun da murɗa ɗaya ko biyu, sannan a riƙa zagayawa ta kusurwa, kaɗan-kaɗan, har kowanne ya tsaya da kansa. In ya tsaya, a bar shi. Wanda ya sa ƙarfin ɗaure garma zai iya tanƙwara allo, ƙananan alluran soket su daina taɓa furosesa yadda ya kamata. Alamarsa ita ce kwamfuta ta ƙi kawo hoto, ko ta nuna rabin RAM ɗin da aka sa mata. Sau da yawa sassauta notunan kaɗan yana warware wannan.

Wanda bai dace ba tun daga kasuwa

Wani lokaci hannu bai yi laifi ba, kayan ne ba abokan juna ba. Tazarar ramukan allo ta bambanta daga soket zuwa soket. A wajen Intel, tsohon LGA775 yana da milimita 72. Daga LGA1156 na 2009, da 1155 da 1150 da 1151, har zuwa LGA1200 na 2020, duk milimita 75 ne, masanyayi ɗaya yana hawa kansu. LGA1700 na 2021 ya koma milimita 78, furosesan kuma ya ɗan fi zama ƙasa, don haka tsohon masanyayi ko an tilasta shi ya shiga, ba zai danne murfi sosai ba. A wajen AMD, AM3 yana da 96 da 48, AM4 kuwa 90 da 54.

Milimita uku ba a ganin su da ido a cikin hayaniyar kasuwa. Sunan soket a rubuce yake a jikin allo da kwalinsa. A rubuta shi a takarda kafin a bar gida, ko a tafi da allon a gwada a gaban mai kaya.

A kula kuma da masanyayin da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin ofis na HP da Dell. Kamfanonin nan sukan ƙera nasu ɗauri na daban, wasu fankokin Dell ma filoginsu mai rami biyar ne, ba ya shiga allon gama-gari. Dogon masanyayi mai fankar milimita 120 kuwa tsayinsa yakan kai santimita 15 zuwa 16. A auna faɗin akwati, a duba kuma ko zai zauna ba tare da ya hau kan RAM ba.

Wayar fanka

Kusa da soket akwai allurai huɗu da aka rubuta CPU_FAN a gefensu. Nan ne gidan wayar fankar furosesa. Akwai wasu masu kama da su da aka rubuta SYS_FAN ko CHA_FAN, na fankokin akwati ne. Idan aka soka a can, fanka za ta juya, amma allo zai ɗauka furosesa ba shi da fanka. Wasu alluna, kamar na Asus, sukan tsaya su rubuta CPU Fan Error su nemi a danna F1. Danna F1 kullum ba gyara ba ne, a mayar da wayar gidanta.

Filogi mai rami uku yana shiga allurai huɗu, akwai ɗan harshen roba da ke nuna yadda zai zauna. A kuma ɗaure ragowar waya a gefe. Siririyar waya ɗaya da ta faɗa tsakanin fukafukai ta isa ta tsayar da fanka cak. Mai masanyayin ruwa yana da ƙarin waya ta famfo, in ba a soka ta ba, fankoki za su yi ta juyi furosesa na dahuwa.

Yadda ake cirewa ba a yi ɓarna ba

A kashe kwamfuta, a zare filogi daga bango, a danna makunni na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. A lokacin hunturu, sa'ad da bargo ke tartsatsi cikin duhu, jikin mutum yana tara wutar da za ta iya kashe allo ba tare da ya ji komai ba. A taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa kayan ciki, a kuma riƙe allo ta gefe.

Furosesan AM4 allurai 1,331 ne a cikinsa. Tsohon mai yakan kama kamar gam, in aka fizgi masanyayi sama sai ya taho da furosesan, allurai su lanƙwashe. Dabarar ita ce a kunna kwamfutar na 'yan mintuna man ya yi laushi, a kashe, a kwance notuna, a murza masanyayin hagu da dama a hankali har ya saki, sannan a ɗaga. A allunan Intel da AM5 alluran a cikin soket suke, sun fi gashi laushi. Kada tsumma ko yatsa ya kusance su.

Iska da ƙura

Iska tana shiga akwati ta gaba, ta fita ta baya. Fanka tana hura iska ne ta ɓangaren da sandunan riƙonta suke, wasu kuma suna da 'yar kibiya a gefe. Fankar dogon masanyayi ta hura zuwa baya. In ta fuskanci ta bayan akwati suna hura wa juna, iska mai zafi za ta yi ta zagaye a ciki.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ko'ina, ga ƙaiƙayin sussuka lokacin kaka. Ƙura tana taruwa tsakanin fanka da haƙarƙari har ta zama kamar auduga. Gizo-gizo yana saƙa a ciki, zanzaro ma yakan yi gini a akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. A ɗora kwamfuta a kan tebur, a bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango, a rufe ta da zane idan an tashi aiki, a yaye kafin a kunna. A buɗe a hure ta a tsakiyar hunturu, a sake kafin zafin Maris ya kama. Lokacin hurawa da bulowa a dafe fankar da yatsa, domin gudun da ya wuce kima yana cinye mata gindi.

Idan ba zafi ba ne

Idan lambar zafi ta tsaya a wuri mai kyau amma kwamfuta tana ɗaukewa, a bar masanyayi ya huta. A duba wutar da ke shigowa daga janareta ko inbata, musamman lokacin da injin hoto ko firinta ya ja wuta. A duba akwatin wutar kwamfutar da wayarsa mai rami huɗu ko takwas da ke ciyar da furosesa, a kuma cire RAM a sake zaunar da shi.

Komawa shago

Matashin namu bai koma Kano ba. Ya shiga BIOS ya ga lamba tana gudu ta haura 90. Ya kashe ya taɓa ƙarfe, ya ji shi da sanyi. Da ya girgiza masanyayin sai ya ji gefe ɗaya yana rawa: ashe ya murɗa turaku biyu sun bi kibiya. Ya ɗaga, ya ga man ya taru a gefe guda. Ya goge, ya ɗiga sabo, ya mayar da turakun, ya danna su biyu-biyu har ya ji ƙas sau huɗu. Da ya sake kunnawa lambar ta hau zuwa 52 ta tsaya, ya ci gaba da ɗora Windows daga inda ya tsaya.

Sababbin kalmomi

Furosesa: ɓangaren da ke yin lissafi da sarrafa umarni a kwamfuta.
Masanyayi: ƙarfe mai haƙarƙari da fanka, wanda ke kwashe zafin furosesa.
Soket: gurbin da furosesa ke zama a kan babban allo.
Farantin baya: ƙarfen da ke bayan allo, wanda notunan masanyayi ke kamawa.
BIOS: shafin saiti da ke cikin allo, ana shigarsa kafin Windows ya tashi.

Tambayoyi

1. Kawo zango biyar da zafi ke bi daga furosesa zuwa waje.
2. Masanyayi yana riƙe furosesa da digiri 50 sama da iskar ɗaki. Nawa zafinsa zai kai a ɗaki mai digiri 25? A ɗaki mai 41 fa?
3. BIOS ya nuna 92, amma haƙarƙarin ƙarfe da sanyi. Ina matsalar take?
4. Me kibiyar da ke kan turken Intel take nunawa?
5. Me ya sa masanyayin LGA1151 yake hawa LGA1200 amma ba ya dacewa da LGA1700?

Aikin yi

Malami ya kawo tsohon allo da masanyayinsa aji. Ɗalibai su rabu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗiga mai, ya ɗaura masanyayi da ƙafa uku kawai, ya ɗaga ya zana tambarin da man ya bari a littafi. Sannan su goge, su ɗaura da ƙafa huɗu ta kusurwa, su sake zanawa. A mako mai zuwa kowane rukuni ya zo da zanensa biyu, tare da sunan soket na kwamfuta ɗaya da ya samu a makaranta ko a wani shago a garinsu.